Konrad Zuse: Injiniyan da ya haɗa aikin ƙarfe, rubuta manhaja da gyaran kwamfuta

Konrad Zuse, wanda Jamusawa ke furta sunansa "Tsuze", injiniya ne ɗan ƙasar Jamus da ya rayu daga 1910 zuwa 1995. Shi ne ya ƙera Z3, na'urar da masana tarihi da dama ke ɗauka a matsayin kwamfuta ta farko da ta yi aiki da kanta bisa umarnin da aka tsara mata. A tsawon shekara 60 na aikinsa, ya yi sana'o'in da a yau ake raba su ga mutane daban-daban. Ya yanka ƙarfe da zarto, ya haɗa wayoyin lantarki, ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja, ya bi na'urarsa har inda aka ɗauke ta haya yana duba lafiyarta, sannan ya shugabanci kamfani. Wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa kowace sana'a daga ciki ita ta share wa ta gaba hanya.

Tasowarsa da karatunsa

An haife shi a birnin Berlin ranar 22 ga Yunin 1910. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. A 1912 iyalin suka koma Braunsberg, garin da a yanzu yake cikin ƙasar Folan, daga baya kuma suka zauna a Hoyerswerda, inda ya kammala sakandare. Tun yana yaro hannunsa bai rabu da harhaɗa ƙananan ƙarafa ba, har ya taɓa ƙera injin sayar da lemu wanda ake jefa masa kuɗi ya fito da lemu ya kuma ba da canji.

A babbar makarantar fasaha ta Berlin ya fara da injiniyancin injuna, ya koma zanen gine-gine, daga ƙarshe ya tsaya a injiniyancin gine-gine, ya karɓi shaidar kammalawa a 1935. Da yake gwanin zane ne, ya kuma taɓa yi wa kamfanin motoci na Ford zanen tallace-tallace. Bayan karatu ya samu aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Henschel, kusa da Berlin. Aikinsa shi ne lissafa nauyin da kowane sashe na jirgi zai iya ɗauka. Lissafi ne mai tsawo da ake maimaitawa da hannu ba iyaka, kuma gajiya da shi ce ta sa ya ƙudura ƙera injin da zai ɗauke wa mutum wannan wahala.

Z1: kwamfutar da aka yanka da zarto

A 1936 ya bar aikin albashi ya mayar da falon iyayensa wurin ƙira. Iyayensa da 'yar'uwarsa da abokan karatunsa ne suka tallafa masa da kuɗi da kuma ƙarfinsu. Suka riƙa yanka fallayen ƙarfe marasa kauri da ƙaramin zarto, dubbai a kan dubbai, suna jera su bisa juna da ƙananan sanduna a tsakani. A 1938 aka kammala na'urar da aka sani da Z1, mai nauyin kusan tan guda, wadda ake juya ta da hannu ko da injin lantarki.

A nan ne sanin aikin ƙarfe ya fara yi masa rana. Injinan lissafi na ofis a wancan zamani suna amfani da ƙafafu masu haƙora, kowace ƙafa tana wakiltar lambobi goma, daga 0 zuwa 9, kuma yin irinsu sai babbar masana'anta. Zuse ya lura cewa fallen ƙarfe hali biyu gare shi, ko an tura shi gaba ko yana nan inda yake. Saboda haka ya gina dukkan lissafinsa a kan lambobi biyu, 0 da 1, tsarin da kowace kwamfuta da wayar hannu ke tafiya a kansa har yau. Ya kuma raba na'urar zuwa sashen lissafi, da ma'adanar bayanai, da sashen karanta umarni. Umarnin kuwa a jikin tsohon fim ɗin silima ake huda shi.

Sai dai Z1 ba ta taɓa yin aiki yadda ya kamata ba. Ƙarafan da aka yanka da hannu ba su zo daidai wa daida ba, suna yawan sarƙewa. Tsarin ba shi da laifi, kayan aikin ne suka gaza.

Z3 da shekarun yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, an kira shi aikin soja, amma bayan 'yan watanni aka sallame shi ya koma Henschel. Ya ci gaba da ƙirarsa da daddare da ranakun hutu. Wannan karon ya juya ga rile, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke buɗewa da rufewa, irin wanda ake amfani da shi a cibiyoyin wayar tarho. Da yawa daga cikin waɗanda ya samu tsofaffi ne da aka riga aka yi aiki da su. Ya gwada dabarar a Z2 a 1940, ya nuna wa cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus, ita kuma ta ba da wani kaso na kuɗin na'ura ta gaba.

Ranar 12 ga Mayun 1941 ya gabatar da Z3 ga wasu masana a Berlin. Tana da rile kusan 2,600, kuma tana ninka lamba da lamba cikin kimanin daƙiƙa uku. Wannan ya zo shekara uku kafin Harvard Mark I ta Amurka ta 1944, ya kuma riga ENIAC da aka bayyana wa duniya a 1946. Abokinsa Helmut Schreyer ya daɗe yana ba da shawarar a yi amfani da kwalaben lantarki irin na rediyo don ƙarin sauri, amma hukumomi suka ƙi ba da kuɗi, suna ganin aikin ba shi da muhimmanci ga yaƙi.

Akwai ɓangaren tarihinsa da ba a tsallakewa. Zuse bai shiga jam'iyyar Nazi ba, amma ya yi wa masana'antar yaƙin gwamnatinta aiki. Ya ƙera na'urori biyu, S1 da S2, don lissafin gyaran fikafikan bama-baman Henschel da ake sarrafawa ta rediyo. Yaƙin kuma bai bar shi ba, domin ruwan bama-baman da aka yi wa Berlin a 1943 da 1944 ya hallaka Z1 da Z2 da Z3.

Plankalkül: manhaja a kan takarda

Na'ura ɗaya ce ta tsira, wato Z4, wadda ba a gama ba. A farkon 1945 aka fitar da ita daga Berlin zuwa Göttingen, daga can zuwa ƙauyen Hinterstein da ke tsaunukan kudancin Jamus, inda aka ɓoye ta. A can Zuse da matarsa Gisela suka tsinci kansu cikin talauci, har ya koma sayar da zane-zane don ciyar da gida.

Da yake babu kayan ƙira, sai ya koma ga alƙalami. Ya kammala wani aiki da ya fara tun lokacin yaƙi, mai suna Plankalkül, wanda ake ɗauka shi ne harshen rubuta manhaja na farko da ya ba mutum damar bayyana matsala ta hanyar da ta fi kusa da lissafi da tunani, maimakon bin kowane motsi na inji. Don gwada ƙarfinsa, ya rubuta tsare-tsaren tace lambobi da ma na wasan ces, darar Turawa. Harshen Fortran na kamfanin IBM bai fito ba sai 1957. Amma ba a buga cikakken Plankalkül ba sai 1972, lokacin da duniya ta riga ta yi nisa da wasu harsuna, don haka bai yi tasirin da ya cancanta ba. A 2000 masana a Jami'ar Freie ta Berlin suka sa shi ya yi aiki a kwamfuta.

Zurich: maƙeri ya zama mai gyara

A 1949 Farfesa Eduard Stiefel na jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan ya je ya ga Z4. Ya ba da wata matsalar lissafi, Zuse ya tsara umarninta nan take, na'urar ta fitar da amsa. Jami'ar ta ɗauke ta haya, aka kai ta a 1950. Kafin nan ta nemi a ƙara mata wata dabara da Z3 ba ta da ita, ta yadda na'urar za ta iya zaɓar umarni na gaba gwargwadon sakamakon da ta samu. Buƙatar mai haya ce ta cike wannan giɓi.

Shekara biyar Z4 ta yi tana aiki a Zurich, kuma daga cikin ayyukanta har da lissafin madatsar ruwa ta Grande Dixence. Na'ura ce mai dubban rile da ma'adana ta ƙarfe, kowane ɗayansu yana iya maƙalewa, saboda haka kula da ita aiki ne mai zaman kansa. A littafin tarihin rayuwarsa na 1970, Zuse ya ba da labarin cewa yana da mabuɗin ginin, yakan je cikin dare ya duba ta, kuma tun daga ƙasa yakan gane daga ƙarar da take yi cewa tana tafiya lafiya. Duk bakaniken da ya saba da inji ya san wannan irin sauraro. A 1955 aka mayar da Z4 wata cibiyar bincike a Saint-Louis ta Faransa, inda ta yi aiki har 1959.

Kamfani da shari'a

Cinikin Zurich ne ya tsayar da kamfaninsa, Zuse KG, wanda ya kafa a 1949 a Neukirchen, ya kuma mayar da shi Bad Hersfeld a 1957. Kamfanin ya yi wa masana'antar tabarau da kyamara ta Leitz na'urar Z5, ya sayar wa ofisoshin safiyo Z11, ya fito da Z22 mai kwalaben lantarki, wadda jami'o'i suka saya. A 1961 ya nuna Graphomat Z64, injin da ke zana taswira da kansa bisa umarnin kwamfuta, inda tsohuwar sana'arsa ta zane ta haɗu da ta ƙarfe. Zuwa 1967 kamfanin ya ƙera kwamfuta 251.

Amma gwanintar ƙira daban, riƙon kasuwa daban. Kuɗin bincike da na rubuta manhaja ya yi yawa, ga gogayya da manyan kamfanoni irin su IBM. A 1964 kamfanin Brown Boveri ya karɓi ragama, a 1967 kuma Siemens ya sayi mafi yawan hannun jari. A wannan shekarar ce dai kotun haƙƙin ƙirƙira ta Jamus ta yi watsi da buƙatar da ya shigar tun 1941 a kan fasahar Z3, bayan shekara 26 ana ja-in-ja, bisa hujjar cewa ƙirƙirar ba ta kai matsayin da doka ta gindaya ba. Cikin shekara ɗaya ya rasa kamfani, ya kuma rasa shari'a.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan haka ya koma rubutu da zane. A 1969 ya buga littafin Rechnender Raum, inda ya kawo tunanin cewa ana iya fahimtar sararin duniya kamar wata babbar na'urar lissafi. Ya riƙa sa wa wasu zane-zanensa hannu da sunan Kuno See. An karrama shi da Zoben Werner von Siemens a 1964, kuma cibiyar binciken kwamfuta da aka kafa a Berlin a 1984 tana ɗauke da sunansa.

Yana da shekara 77 ya sake komawa ga aikin da ya fara da shi. Daga 1987 zuwa 1989, da tallafin Siemens, ya sake gina Z1, alhali ainihin zanenta ya ƙone tun lokacin yaƙi, kuma ciwon zuciya ya kama shi ana tsakiyar aikin. Daga nan ya shiga ƙirar wata hasumiya ta ƙarfe mai tsawaita da gajarta kanta. Ya rasu a Hünfeld ranar 18 ga Disambar 1995 yana da shekara 85, ya bar tarihi da 'ya'ya, cikinsu har da Horst Zuse, masanin kwamfuta, wanda ya sake gina Z3 a 2010.

Sabuwar Z1 tana gidan adana kayan fasaha na Berlin, ainihin Z4 kuma tana gidan tarihi na Deutsches Museum da ke birnin Munich.