Tun yaushe aka fara ƙirga mata a Nijar, kuma don wa?

Kowace shekara, in an koma lakwal a watan Oktoba, takarda takan iso wa shugaban makaranta. Aji-aji ake cika ta: yara maza nawa, mata nawa, nawa suka maimaita aji, tebur nawa, makewayi nawa. Mu malamai ke zama da rajista mu ƙirga. Daga nan takardar ta hau zuwa ofishin masu duba makarantu, ta wuce babban birnin jiha, ta kai Yamai. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ji a rediyo an ce rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito, Nijar tana can ƙasa a jerin daidaito tsakanin maza da mata. Wasu su fusata su ce sharrin Turawa ne, wasu su ce ai da ma mun sani. Kaɗan ne ke tuna cewa wani ɓangare na lambar nan da alƙalaminmu aka rubuta shi.

Ƙirgar mutane ba ta shigo ƙasar nan da farin jini ba. A zamanin Nasara, in kwamanda ya aiko a ƙidaya gari, kowa ya san dalili: lanho ne, ko aikin tilas, ko ɗibar soja, ko kamun yara zuwa lakwal. Kuɗin kai ake biya, maigida ke biya wa duk wanda ya isa a gidansa, namiji da mace. Saboda haka mace ta fara shiga littafin hukuma ne a matsayin kan da za a biya wa kuɗi, kuma mai dabara shi ne wanda ya ɓoye ɗiyarsa a rumbu ko ya tura ta gidan kaka har masu rubutu su wuce. Wannan tsoro bai mutu da samun ƴancin kai a 1960 ba. A lokacin, yaran da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, ƴan mata kuwa a cikinsu sai an tona. Har gobe akwai tsofaffin da in ka tambaye su yawan ƴaƴansu za su kauce, su ce ba a ƙirga arziki.

Sai a 1977, zamanin Seyni Kountché, aka yi ƙidayar jama'a ta farko da ta game ƙasa baki ɗaya. An samu mutum miliyan 5 da ɗoriya. An sake a 1988, da 2001, da 2012 inda muka haura miliyan 17. Shekara biyu kafin waccan ta farko, a 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar a matsayin ta mata, aka yi babban taro a birnin Meziko, kuma a shekarar ce aka kafa ƙungiyar matan Nijar ta AFN a ƙarƙashin inuwar gwamnatin soja. Ɗaya daga cikin koken da aka yi ta yi a tarukan wancan zamani shi ne ƙasashe ba su raba alƙalumansu tsakanin maza da mata, don haka ba a ma san girman giɓin ba.

To an fara rabawa, amma da wace irin tambaya? Mai ƙidaya yana tsayawa a zaure, maigida ke amsawa. In aka ce mene ne aikin matarka, ya ce ba ta aikin komi, tana gida. Sai a rubuta ta cikin marasa sana'a. Matar nan kuwa ita ke tashi da asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi noma a gandu, ta koma gamanarta da yamma, ta matse man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli, ɗiyarta ta kai talla. Duk wanda ya girma a ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ya san tukunyar gida da yawa kan kuɗin wannan mata take tafasa in hatsin gandu ya ƙare. Takarda dai ba ta gan ta ba.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan ya faru ne ranar 13 ga watan Mayu na 1991. Ana shirin babban taron ƙasa, aka kafa kwamitin share fage mai mutum 68, mace ɗaya tak a ciki. Mata suka fito titunan Yamai da yawansu suka nufi ofishin firaminista. Ba wani ƙwararre daga waje da ya kawo musu ma'auni. Da kansu suka duba jerin sunaye suka ƙirga, lissafin da ko ɗan aji biyu zai iya. Aka ƙara mata biyar a kwamitin, kuma daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar da muke biki kowace shekara. A ganina wannan ne karo na farko da lamba ta zama makami a hannun matan ƙasar nan, bayan shekaru tana hannun mai karɓar lanho.

A shekarar ce kuma, can cikin karkarar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba ƴan dalolinsu a akwati kowane mako suna ba juna rance. Tsarin ya bazu har ƙasashe da dama na Afirka suka kwaikwaya. Shekaru da yawa ba ya cikin ma'aunin kowa, domin ma'aunin asusun banki yake tambaya.

Manyan ma'aunan da ake jera ƙasashe da su sun biyo baya ne. A 1995, shekarar taron mata na Beijin, hukumar PNUD ta fito da ma'auni biyu na farko kan bambancin maza da mata. A 2000 aka amince da muradun ƙarni, na uku cikinsu ya ce a kawar da giɓin maza da mata a firamare da sakandare, in da hali kafin 2005. A 2004 hukumar tattalin arzikin Afirka da ke Adis Ababa ta ƙirƙiro nata ma'aunin don nahiyar, daga baya Bankin Raya Afirka ya yi nasa. A 2010 PNUD ta sake fitar da wanda aka fi ambato yau, mai haɗa abu biyar: mutuwar mata wajen haihuwa, haihuwar ƴan mata masu ƙananan shekaru, kujerun majalisa, karatun sakandare, da shiga aikin neman kuɗi. A gida kuma aka kafa cibiyar ƙididdiga ta INS a 2004, aka yi binciken lafiya da iyali gida-gida a 1992, 1998, 2006 da 2012.

Daga cikin abubuwan nan biyar, ɗaya ne ake iya canzawa da sa hannu a takarda, shi ne kujerun majalisa. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisa mai kujera 83. A watan Yunin 2000 aka kafa dokar kaso: aƙalla kashi 10 cikin 100 a muƙaman zaɓe, kashi 25 a na naɗi. A zaɓen 2004 sai ga mata 14 cikin 113. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Senegal ta yi abin da ya fi haka, da dokar raba daidai ta 2010 wadda ta kai mata 64 cikin kujera 150 a 2012. Nijeriya kuwa, da duk jami'o'inta da matanta masu digiri, ba ta da irin wannan doka, kuma bayan zaɓen 2023 matan majalisarta ba su kai kashi 5 ba. Wanda ya kalli wannan layi kaɗai zai rantse macen Tasawa ta fi ta Legas samun ƴanci nesa ba kusa ba.

Ba ina raina dokar kaso ba ne. Matan da suka yi gwagwarmayarta sun ci nasara ta gaske, kuma ta buɗe ƙofar majalisun ƙananan hukumomi ga matan da da ba za a ko saurare su ba. Amma majalisar da ke da mata 14 ɗin nan ita ce a 2006 ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka. Kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rusa majalisa, lambar ta ɓace a rana ɗaya, alhali rayuwar mace a Dakwaro ko Magarya ba ta motsa ko taku ɗaya ba, gaba ko baya.

Alƙaluman da ba su jin sa hannu su ne masu nauyi. Binciken 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, a jihohin Maraɗi da Damagaram ma sun haura 8. Cikin matan da ke tsakanin shekara 20 da 24, kashi 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kafin 15. Mata kashi 14 ne kawai suka iya karatu, maza 42. Binciken 2021 ya ce haihuwa ta sauko zuwa 6,2. Waɗannan ban da abin musu a kansu, don ina ganinsu da idona a benci na baya, inda wuri ke zama fili bayan hutun tsakiyar shekara.

Nan ne nake da ƙorafi kan ma'aunin da ya fito daga hannunmu. Ana raba kason ƴan mata da ke makaranta da kason yara maza. In sakamakon ya kusa 1, a ce an samu daidaito. Mu ɗauka aji yana da maza 40 da mata 30. Maza goma suka tafi cin rani, ko Libiya, ko haƙar zinariya a Jado. Yanzu 30 da 30 ke nan, takarda ta ce an daidaita, ba tare da yarinya ko ɗaya ta ƙaru ba. Sannan ƙirgar a farkon shekara ake yin ta, lokacin da rajista ke cike. Yarinyar da aka ɗaura wa aure a watan Maris tana nan cikin lissafin shekarar a matsayin ɗaliba. Ga kuma yawan yaran da ake auna kason da shi: tsakanin ƙidaya da ƙidaya hasashe ne ake yi. Gaskiya ne shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya cika ƙauyuka da azuzuwan zana da malaman kwantaragi, kuma ƴan mata sun shigo da yawan da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Shiga ɗin aka iya ƙirgawa da kyau. Zama har a kai BEPC, wannan wani zance ne, shi ya sa aka yi dokar kare karatun ɗiya mace a watan Disamban 2017, aka kuma fara gina makarantun kwana na ƴan mata irin ta Kelle.

Akwai ma asarar da ba ta da gurbi a jerin. A kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, masu bincike sun daɗe da nuna cewa mata na rasa gamanarsu, kuma kulle na yaɗuwa a gidajen da da mata ke noma, wani lokaci don ba sauran gonar da za a ba su. Kakar yarinya tana da gona da rumbunta, jikar tana da shekara huɗu a lakwal ba ta da ko ɗaya. A ma'aunin ƙasashe, jikar ce ta ci gaba.

Rahotannin nan da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su, a ƙaddamar da su a otel a Yamai, su koma inda aka ba da kuɗin yin su. Matan 1991 sun yi nasara ne don lambar tana hannunsu kuma sun san ƙofar da za su kai ta. A kowace makaranta muna da kwamitin iyaye, da yawa kuma suna da ƙungiyar uwayen ɗalibai. Bana na yi niyyar in ƙirga ajina sau biyu, a Oktoba da kuma Yuni, in karanta wa uwayen sunayen waɗanda suka ɓace a tsakani, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu sun san gidan da kowace yarinya take.