Gyaɗa: Kalma da amfaninta a ƙasar Hausa

A kasuwannin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a jihar Jigawa, gyaɗa na cikin amfanin gonar da ba a zubar da komai nata.

Asalinta dai daga Kudancin Amurka ne, kuma Turawan Portugal ne suka kawo ta Afirka ta Yamma a ƙarni na 16.

Sunan ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Sakkwato da wasu sassan Katsina da Jamhuriyar Nijar ana kiranta gujiya, alhali a Kano gujiya wata aba ce daban, wadda su kuma mutanen yamma ke kira ƙwaruru. Don haka baƙon da ya je awo sai ya lura.

Kalmar ta shiga maganar yau da kullum. Idan aka ce mutum yana da gyaɗar dogo, ana nufin mai sa'a ne. Amma gyaɗa kai, wato nuna amincewa, ba shi da alaƙa da ita. A rubutu ne kawai suka zo ɗaya.

A Ingilishi kuwa, akan kira kuɗin da bai taka kara ya karya ba da sunan gyaɗa. Dattijon da ya ga dalar gyaɗa zai yi mamakin wannan.

Bayan isar jirgin ƙasa Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar da Arewa ke fitarwa, inda 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice. Waɗannan garuruwa a lokacin suna cikin lardin Kano, kafin a kafa Jigawa a 1991.

Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta lalata amfanin a 1975, da kuma komawa ga man fetur, su suka kawo ƙarshen dalar.

Sana'ar ta ci gaba a hannun mata a cikin gida. Su ke soyawa, su kai niƙa, su matse mai, su mulmula tunkuza ta zama ƙuliƙuli, wanda masu tsire ke dakawa a yaji. Da ribar ake zubin adashi da tara kayan ɗakin 'ya'ya.

Harawarta kuma ana adana ta don kiwon ragunan layya.

Likitoci na gargaɗi cewa gyaɗar da aka adana ba ta bushe ba takan yi fumfuna mai guba da ke lalata hanta.