Ƙofar da Doka Ba Ta Buɗe wa Matan Filifin Ba

Ranar 30 ga Afrilun 1937 aka yi wata ƙuri'ar raba gardama a ƙasar Filifin wadda mata zalla suka kaɗa, tambayar kuwa ɗaya ce tak: shin matan ƙasar suna son a ba su damar yin zaɓe? Tun a ƙarshen 1933 gwamnan da Amurka ta naɗa, Frank Murphy, ya sa hannu a kan dokar da ta ba su wannan dama, amma da maza suka zauna rubuta tsarin mulkin 1935 sai suka janye ta, suka gindaya sharaɗin cewa sai mata 300,000 sun fito sun ce suna so cikin shekara biyu. A ƙasar da ke warwatse cikin tsibirai fiye da 7,000, inda sai wadda ta kai shekara 21 kuma ta iya karatu da rubutu ake yi wa rajista, wannan adadi ba wasa ba ne. Ƙungiyoyin mata suka bazu lardi-lardi, su Pilar Hidalgo Lim da Josefa Llanes Escoda suna gaba. Da aka ƙirga, mata 447,725 sun ce e, 44,307 sun ce a'a.

Daga wannan rana zuwa yau matan Filifin sun tara dokoki masu kare su waɗanda samun irinsu a nahiyar Asiya sai an tona. Sai dai duk wanda ya jera dokokin nan bisa shekarunsu zai ga wani abu guda yana ta maimaituwa. Inda maganar ta shafi rumfar zaɓe, ko makaranta, ko ofis, ko barikin soja, doka takan buɗe wa mace hanya, ko da a makare. Da zarar an zo bakin ƙofar ɗakin aure sai ta ja ta tsaya. A ganina a nan ne ya kamata a auna ƙasar, domin a wannan ɗaki yawancin mata suke cinye rayuwarsu.

Asalin lamarin ya girmi mulkin Amurka. Sifaniyawan farko da suka rubuta labarin tsibiran sun tarar mace tana gado, tana fatauci, tana rabuwa da miji ta sake wani auren, kuma mata ne galibi ke riƙe da muƙamin babaylan, masu jagorancin ibada da magani. Mulkin Sifaniya na shekara 333, daga 1565 zuwa 1898, ya mayar da aure hannun Cocin Katolika, inda igiyarsa ba ta tsinkewa sai da mutuwa. Ko a wancan zamani ba a rasa masu ɗaga kai ba. Gabriela Silang ta karɓi jagorancin tawayen Ilocos a 1763 bayan an kashe mijinta Diego, har aka kama ta aka rataye. A Disambar 1888 'yan mata ashirin na garin Malolos suka miƙa wa Gwamna Valeriano Weyler takarda suna neman izinin buɗe makarantar dare don su koyi Sifaniyanci, alhali limamin cocin garin ba ya so. José Rizal, marubuci ɗan kishin ƙasar, daga Turai, ya rubuto musu doguwar wasiƙa da harshen Tagalog yana yaba musu. Abin da 'yan matan Malolos suka nema ilimi ne, kuma da ilimi aka fara nasara. Ƙungiyar mata ta farko, wadda Concepción Felix ta kafa a Manila a 1905, ta fi damuwa da lafiyar jarirai da halin mata 'yan ƙwadago. Pura Villanueva ce a Iloilo, a 1906, ta ɗora maganar ƙuri'a a gaba, aka kuma shafe kusan shekara talatin ana kai ƙudiri majalisa yana mutuwa.

Ruwan dokoki ya sauko ne bayan faɗuwar shugaba Ferdinand Marcos a 1986. Matan da suka ƙware wajen shirya jama'a a ƙarƙashin mulkin kama-karya, ciki har da gamayyar GABRIELA da aka kafa a 1984, sun fito da ƙarfinsu. Tsarin mulkin 1987 ya rubuta cewa wajibi ne gwamnati ta tabbatar da daidaiton mace da namiji a gaban doka. Dokar 1992 ta buɗe wa mata makarantar horar da hafsoshin soja, ta 1995 ta hukunta shugaba ko malamin da ya matsa wa mace da neman lalata, ta 1997 ta fitar da fyaɗe daga jerin laifukan ɓata mutunci ta mayar da shi laifi a kan ɗan Adam, ta kuma yarda cewa miji ma yana iya aikata shi. A 2009 aka zartar da babbar dokar da suke kira Magna Carta ta mata, wadda ta wajabta wa kowace ma'aikatar gwamnati ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kasafinta don harkar daidaito. A 2019 hutun haihuwa ya koma kwana 105 da cikakken albashi.

Wadda ta fi kusa da talaka ita ce dokar 2004 ta hana cin zarafin mata da 'ya'yansu, kuma ta cancanci a duba yadda take aiki. Matar da mijinta ya daka ba ta buƙatar lauya ko kuɗin mota zuwa birni. Ofishin barangay za ta je, wato ƙaramar hukumar unguwa, wadda akwai fiye da 42,000 irinta a faɗin ƙasar. Ta rubuta ƙorafinta, shugaban unguwa ya saurare ta ita kaɗai, ba sai an jira mijin ba, a ranar kuma ya ba ta takardar kariya mai aiki kwana 15. Idan shugaban ba ya nan, kansila na iya sa hannu. Kotu na iya bayar da tata ta kwana 30, daga baya ta dindindin, ta fitar da mijin daga gidan ko da nasa ne, ta kuma umarci a yanki kuɗin ciyarwa daga albashinsa. Dokar ta haramta wa jami'in unguwa ya lallashi matar ta yi haƙuri ta janye, ta kuma lissafa hana mace kuɗi ko hana ta sana'a cikin nau'o'in zalunci. Wani magidanci ya ƙalubalance ta da cewa ta nuna wa maza bambanci, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a 2013. Doka ce da aka rubuta da sanin halin da mata ke ciki. To amma bayan an fitar da mijin, bayan ma an ɗaure shi, matar tana nan a matsayin matarsa, kuma haka za ta zauna.

Filifin da fadar Vatican ne kaɗai a duniya ba su da dokar saki ta gama-gari. Ba haka ƙasar take tun fil'azal ba: a 1917 an yi dokar saki mai ƙunci wadda ta tsaya kan laifin zina, Japanawa suka faɗaɗa ta a 1943 lokacin mamaya, sannan kundin dokokin farar hula da ya fara aiki a 1950 ya share ta baki ɗaya. Abin da ya rage hanya biyu ne. Akwai raba zama ta kotu, wadda ke raba gida da dukiya amma ba ta halatta sabon aure. Akwai kuma rushe auren da hujjar cewa tun farko bai ƙullu ba, galibi ta sashe na 36 na dokar iyali ta 1987, inda ake nuna cewa ɗayan ma'auratan yana da tawayar ɗabi'a da ta hana shi sauke nauyin aure tun ranar da aka ɗaura. Dukan da ya fara bayan biki ba ya isa hujja shi kaɗai, sai an jingina shi ga wani aibi da ya riga auren. Lauyan gwamnati yana zaune a shari'ar don ya tabbatar ma'auratan ba su haɗa baki ba. Ana shafe shekaru, ana kashe ɗaruruwan dubban peso. Mai sayar da kifi a kasuwa ba ta ma fara ba.

Sauran sassan dokar aure ma haka suke karkata. Kundin hukunta laifuka na 1930 har yanzu yana cewa matar aure ta yi zina idan ta kwana da wani sau ɗaya, hukuncinta na iya kaiwa shekara shida. Shi kuwa miji sai an tabbatar ya ajiye farkarsa a gidan aure, ko yana zaune da ita a wani wuri, ko ya yi abin a bainar jama'a har ya zama abin kunya, kuma hukuncinsa bai wuce shekara huɗu da wata biyu ba. Dokar iyali ta ce miji da mata tare suke kula da dukiyar gida, amma in sun saɓa maganar miji ce ke tsayawa, sai dai matar ta garzaya kotu. A tuna cewa ƙasar nan ce ke tura ɗimbin mata aikatau da jinya zuwa Saudiyya da Hong Kong da Singafo, kuma abin da suke turowa gida yana faɗawa cikin wannan dukiya ta tarayya. Ita kanta dokar fyaɗe ta 1997 ta bar kafa: idan wanda ya yi fyaɗen ya auri yarinyar, ƙara ta mutu. Dokar lafiyar haihuwa ta 2012 ta shafe fiye da shekara goma a majalisa saboda adawar bishop-bishop, kuma da Kotun Ƙoli ta amince da ita a 2014, cikin sassan da ta soke har da wanda ya ba mai aure damar yin aikin tsarin iyali ba tare da yardar abokin zama ba.

Za a ce ina rage wa ƙasar daraja. Ai daga 2006 zuwa 2018 ba ta taɓa fita daga goman farko ba a ma'aunin daidaiton jinsi na dandalin tattalin arziƙin duniya da ke taro a Davos, kuma mata biyu sun shugabance ta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce 'yan mata sun fi samari kammala jami'a. Amma wannan ma'auni tazara yake aunawa a ilimi da lafiya da albashi da kujerun siyasa, ba ya tambayar ko mace na iya fita daga auren da ke neman ranta. Shugabannin biyu kuma ta ƙofar gida suka shigo: Corazon Aquino matar Sanata Benigno Aquino ce da aka harbe a filin jirgin Manila a 1983, Gloria Macapagal Arroyo kuwa 'yar tsohon shugaban ƙasa ce. Aquino ce ta sa hannu a dokar iyalin da ta fifita maganar miji. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai, kuma man da ake nema a nan shi ne abin da ya isa hannun matar da ba 'yar kowa ba.

Ƙalubalen da ya fi nauyi shi ne na Cocin Katolika, wadda kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar ƙasar ke bi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa saki yana wargaza iyali, mata da yara ne kuma ke kwana ciki. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, ya san zawarawan da aka sako da goyo ba ko sisin ciyarwa. Sai dai abin da ke cutar da mata a wurinmu shi ne sakin da ke fita daga bakin mutum ɗaya cikin fushi, ba mai tambayarsa makomar yara. Wanda ake nema a Filifin a gaban alƙali ake yin sa, bisa dalilai ƙididdigaggu, tare da yanke ciyarwa da riƙon 'ya'ya. Sannan rashin saki bai taɓa ɗaure namiji a gida ba. Yakan tafi abinsa ya kafa wani gidan. Matar da ya bari ita ce ke maƙale: in ta samu wanda zai riƙe ta, ba aure tsakaninsu, mijin da ya gudu na iya maka ta a kotu da laifin zina, ɗan da ta haifa kuma rabin kason ɗan aure yake samu a gado. Dokar da aka ce tana kare iyali ta ƙare da haifar da iyalai masu yawa waɗanda ba ta san da zamansu ba.

Abin da ya fi raunana hujjar masu adawa yana cikin dokokin ƙasar kanta. Tun 1977 Musulmin Filifin, waɗanda galibinsu ke Mindanao da tsibiran Sulu, suna da kundin dokokin iyali nasu da kotunan shari'a, inda aka amince da saki da khul'i da fasakhi. Musulma a birnin Marawi na Mindanao na iya zuwa gaban alƙali ta nemi a raba ta da mijin da ke cutar da ita ko ya daina ciyar da ita, maƙwabciyarta Kirista ba ta da wannan hanya. Haka nan wadda ta auri baƙo: idan aka yi sakin a ƙasar waje kotun Filifin na iya amincewa da shi, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta ce ko da ita ce ta nemi sakin. Ke nan gwamnati ta riga ta yarda cewa aure na iya mutuwa ƙasa ba ta rushe ba. Wadda aka hana kawai ita ce wadda ba Musulma ba, ta auri ɗan ƙasarsu, ba ta kuma da kuɗin lauya. Babu wanda ya ce coci ta sauya aƙidarta. Mai imanin cewa aure ba ya warwarewa yana da 'yancin ya zauna a kan imaninsa, abin tambaya shi ne ko ya dace hukuma ta tilasta shi a kan wadda ake karya wa haƙarƙari.

Majalisar wakilai ta zartar da ƙudirin saki a Maris na 2018, ya mutu a majalisar dattawa. Ta sake zartar da wani a Mayun 2024, wanda ɗan majalisa Edcel Lagman ya jagoranta, shi ne kuma ya ɗauki nauyin dokar lafiyar haihuwa a baya. Ƙudirin ya lissafa duka da cin zarafi da rabuwar shekara biyar cikin dalilan saki, ya tanadi kwana 60 na neman sulhu, ya kuma ɗauke wannan jira idan akwai barazana ga lafiyar mace ko 'ya'yanta. Lagman ya rasu a farkon 2025, wa'adin wannan majalisa kuma ya ƙare a tsakiyar shekarar ba tare da sanatoci sun kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirin ba.