Daga Garmaho Zuwa Memori: Tarihin Cinikin Waƙa a Magarya da Dungas

Duk wanda ya ratsa tashar motar Magarya da hantsi, ko ya shiga kasuwar Dungas ranar da take ci, ba zai rasa ganin wata ƴar rumfa da kiɗa ke tashi daga cikinta ba. A ciki saurayi ne zaune gaban kwamfuta, gefensa allon katako an jera wayoyi suna shan caji, bisa rufin kuma ga farantin sola. Sai yaro ya zo ya buɗe bayan salularsa, ya zaro memori, ɗan abin da bai kai farcen yatsa ba, ya miƙa.

"Yayana, a zuba mini sababbi."

"Na soyayya ko na bege?"

"Haɗa mini duka, har da na Shata saboda Baba."

Kafin shayi ya huce an cika masa waƙoƙin da zai yi wata yana saurare. Ya ajiye ƴan canjinsa, sefa ko naira, don a nan bakin iyaka duka biyun suna ci. Mai turi, wato saurayin da ke tura waƙoƙin, ya samu na cefane, yaro ya samu abin sauraro. Wanda ya ƙagi waƙar kuwa, yana Kano ko Damagaram ko ma yana kabari, ko dala bai gani ba. Wannan ciniki yana da tarihi, kuma sai an bi shi daga tushe za a gane yadda aka zo nan.

A ƙasar Hausa waƙa ta daɗe tana ciyar da mai ita, amma ba a san ta a matsayin hajar da ake kasawa ba. Makaɗin fada yana da ubangida, kamar yadda Ma'azu Ɗan Alalo ya shahara a fadar Damagaram. Ladansa doki ne, ko riga, ko damin hatsi. Mai gangar noma yana bin gayya, makaɗin kokawa yana bin fili, zabiya tana bin gidan biki. Ana biyan mutum ne saboda ya zo da bakinsa ya wasa ka a gaban jama'a. Idan ya tashi, waƙar ta tashi tare da shi, sai abin da ya saura a kan masu sauraro.

Faifan garmaho ne ya fara raba murya da mai ita. Tsohon faifai yana ɗaukar kamar minti uku a kowace fuska, wato waƙa guda gaba, guda baya. A Turai da Amurka sukan haɗa irin waɗannan fayafayai cikin wani abu mai kama da littafin hotuna, daga nan sunan albam ya samo asali. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, a 1949 kuma RCA ya fito da ƙaramin da aka riƙa sayar da waƙa ɗaiɗai a kansa. Tun daga lokacin kasuwar duniya ta rabu gida biyu: cinikin kundi da cinikin waƙa guda. Kamfanoni irin su EMI da Decca sun kafa rassa a Legas, kuma muryoyin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun shiga faifai. Sai dai garmaho kayan masu hali ne. A karkarar Magarya, inda arzikin shekara ya dogara ga gyaɗa da gero, abin da ya kai waƙa kunnen talaka rediyo ne. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, na Kaduna kuma a 1962, kuma shirin Zaɓi Sonka bai san da wata iyaka tsakanin Babura da Magarya ba. Rediyo ya yaɗa sunan makaɗa, amma mai sauraro batir kawai yake saye.

Kaset ne ya mai da waƙa haja ta gaske. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka buɗe wa Nijeriya ƙofar shigo da kaya. Matasan Wacha, Bande, Sasumburum, Dogo-Dogo da Malawa da suka tafi ci-rani sukan dawo gida gab da damina da rakoda rataye a kafaɗa, an ɗinka mata riga don kada ƙura ta shige ta. Wanda ya rayu a wancan zamani ya san yadda ake zura biro a ramin kaset a juya shi da hannu don a tsimi batir, ya san yadda ake lallaɓa zaren da rakoda ta tauna a liƙe shi, waƙar ta ci gaba da ɗan giɓi a tsakiya. Da dare a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, unguwa guda ta taru kan kaset ɗaya na Ɗanƙwairo ko Barmani Coge. Kaset ya ɗauki wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin bege, ya kuma zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba: ɗan ci-rani ya naɗi gaisuwarsa ya aiko wa tsohuwarsa.

Hanyar wannan haja a bayyane take. Uwar kasuwa ita ce Kano, musamman Ƙofar Wambai da Bata, inda dillalai ke jera na'urori suna kwafar kaset dare da rana. Daga nan kaya ke biyo motocin Babura su shigo Magarya ta Tinkim, ko su biyo ta Maigatari, mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, su shigo ƙasar Dungas. Mutum ya kai akuya ya sayar, ya dawo da gishiri da atamfa da sabon kaset a aljihu. Damagaram, babban birnin jihar, tana da nisan kusan kilomita 90 daga Magarya, amma a harkar waƙa fuskar yankin kudu take kallo.

Da finafinan Hausa suka kunno kai, daga Turmin Danya na 1990, sai cinikin ya ƙara kauri. Ɗakunan naɗar sauti na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wadda mutum ɗaya ke fitar da amon kalangu da sarewa da ita. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa ƴan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Aka koma sakin kaset ɗin waƙoƙi tun kafin fim ya fito, ya zama shi ne talla. A nan ne muryoyi irin ta Fati Nijar, ƴar Maraɗi da ta yi suna a Kano, suka shiga kowane gida. Bayan kaset sai faifan CD, wanda a zamaninsa mawaƙa irin su Aminu Ala, Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi sukutum da sunansu, ba a ƙarƙashin inuwar fim ba. An san Nura M. Inuwa da sakin kundi a farkon shekara, masoya na jira kamar yadda ake jiran kaka.

Amma a faɗi gaskiya, ko a wancan lokaci na albarka ba mawaƙi ne ke cin kaso mai tsoka ba. Tsarin da aka saba da shi a Kano shi ne mai aiki ya buga kwali, ya kai wa dillali tare da uwar kaset. Dillali ya kwafa, ya sayar, sai kaya sun tafi sannan a yi lissafi, kwalin da ya yi kwantai kuma a mayar wa mai shi. Wani mawaƙin ma sayar da aikin yake yi gaba ɗaya a biya shi sau ɗaya. Daga dillalin Kano zuwa mai tebur a ƙauye kuwa, duk mai rakoda mai baki biyu yana iya haifar da kaset goma daga guda. Duk da haka akwai abin ƙirgawa. Yawan kwalin da aka buga yana nuna farin jinin mawaƙi, kuma da shi yake tsayawa ya yi ciniki.

Can a ƙasashen waje wata guguwa ta riga ta taso. Fasahar MP3 ta matse waƙa ta zama ƙaramin abin da ake aikawa ta intanet. A 1999 Napster ta buɗe wa matasa hanyar musayar waƙoƙi kyauta, cinikin faifai ya fara zubewa shekara bayan shekara. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes, yana sayar da waƙa guda kan santi 99 na dalar Amurka. Wannan ya warware ɗaurin kundi: wanda a da sai ya sayi waƙa goma don son guda biyu, yanzu biyun kawai zai ɗauka. Cinikin sauke waƙa ya kai ƙololuwa wajajen 2012, sannan sauraro kai tsaye ta Spotify da YouTube ya danne shi. A ƙarshen 2014 mujallar Billboard ta Amurka ta sauya ma'auni, ta ce sayen waƙa 10 ko sauraro 1,500 daidai yake da sayen kundi ɗaya.

Wannan kanti na iTunes yana buƙatar katin banki da intanet mai ƙarfi, abubuwan da manomin Guci ko Kwaya ba shi da su. Abin da ya iso nan salula ce. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, shekarar da MTN da Econet suka fara a Nijeriya, Orange kuma ya shigo a 2008. Da wayoyin Sin masu araha suka zo da gurbin memori da Bluetooth da lasifika mai ƙara, sai kowane aljihu ya zama rakoda. Mai sayar da kaset ya ga kayansa na shan rana a kan tebur. Mai wayo cikinsu ya sayi kwamfuta ya koma turi, ya haɗa da cajin waya. Daga baya manhajar Xender ta sa aboki na zuba wa aboki kundi guda cikin ƙiftawar ido. Haka yankin ya tsallake zamanin sayen waƙa ta intanet bai taɓa shigarsa ba. Kwali ya mutu, lissafi ya mutu tare da shi.

Labarin Mdou Moctar, Ba'abzinen jihar Tawa mai kaɗa gita, ya nuna fuska biyu ta wannan zamani. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Kundin bai shiga kanti ba, amma ya bi wayoyi ya ratsa Sahara. A arewacin Mali wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, bayan ya bi sawun mawaƙan don ya ba su kasonsu. Yau Mdou Moctar yana zaga duniya da gitarsa. Memori ya kai muryarsa inda kaset ba zai kai ba, amma bai ga kuɗin waƙarsa ba sai da aka samu wanda ya neme shi da niyyar biya.

Mawaƙan Hausa na yau sun karanci wannan yanayi. Kundi ya ja baya, waƙa guda mai bidiyo ta shige gaba. Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona, waƙa ɗaya ce, amma ta yi masa abin da kundi uku ba su yi wa na gabansa ba. Ana sa waƙa a YouTube da Audiomack da Boomplay, a yanki gutsurenta a watsa a TikTok. Abin da ke shigowa ta nan bai cika riƙe gida ba, sai ga ƴan ƙalilan. Abincin mawaƙi ya koma wasan biki da liƙi, waƙar amarya da ango, waƙar ɗan siyasa, da ambaton attajiri a tsakiyar baiti. Wato an zagayo an dawo gidan jiya, gidan ubangida. Shekarun kaset da CD, waɗanda ba su wuce arba'in ba, su ne kaɗai lokacin da talaka mai sauraro ya zama shi ne ubangidan mawaƙi ta hanyar ɗan abin da yake saye.

Wannan shi ne abin da ke damuna. Mawaƙin da jama'a ke ciyarwa yana iya faɗa wa mai mulki gaskiya. Wanda mutum ɗaya ke ciyarwa, bakinsa na hannun mai ba shi. Ga kuma ƙananan makaɗanmu na gida, masu gurmi da kalangu da zabiyoyin ƙauye, waɗanda ba su da shafi a intanet. Muryoyin da yawa daga cikinsu suna kan tsofaffin kaset da zafi da gara ke ci a cikin adaka, kuma duk wanda ya lalace ya tafi ke nan.

Mutanen Magarya da Dungas ba su taɓa ƙin biyan kuɗin waƙa ba. Sun biya da damin gero, sun biya a teburin mai kaset, yau ma suna biya a rumfar mai turi. Hanyar da kuɗin zai bi ya isa ga mai waƙa ce ta toshe. Mai turi kuwa ba abokin gaba ba ne, matashi ne da ya ƙirƙiro wa kansa sana'a, kuma shi ya fi kowa sanin waƙar da ake nema a kowace kasuwa. Ya kamata hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, da ƙungiyoyin mawaƙa na Damagaram da Kano su zauna da masu turi, a yi musu rajista, a yanka ɗan abin da ba zai karya su ba, a riƙa rubuta waƙoƙin da suka fi tafiya domin rabo ya bi gaskiya. Gidajen rediyon al'umma su ma su yi shelar tattara tsofaffin kaset a juye su a kwamfuta tun ba su ƙare ba.

Kai kuma mai karatu, idan waƙar wani ta raka ka gona ko ta ɗebe maka kewa a ci-rani, ka tuna da gumin mai ita. Ka je wasansa, ka saurare shi a shafinsa idan kana da hali, ka yi masa alheri tun yana raye. Haƙƙi haƙƙi ne, ko da a cikin memori yake.