Sandar da ke jingine a ƙarshen layi

Duk wanda ya taɓa kwafo dogon umarni na Linux ya ga wata 'yar sanda da ta jingina baya, wato \, a ƙarshen layi. Ita ce ke gaya wa shel, manhajar da ke karɓar umarni, cewa magana ba ta ƙare ba, sauran na layin ƙasa. Matasan da nake koya wa wannan aiki sukan ɗauka sabon yayi ne, alhali al'adar ta girmi Linux nesa ba kusa ba.

Asalinta kati ne. A 1928 kamfanin IBM ya fito da kati mai gurbi 80 da ake hudawa domin na'ura ta karanta, kowane kati layi ɗaya. Da harshen rubuta manhaja na FORTRAN ya fito a 1957, rubutu yana tsayawa ne a gurbi na 72. Sauran takwas ɗin ana sa musu lambar jeri, saboda in tarin kati ya zube ƙasa a iya tsara shi kamar da. Idan jimla ta fi ƙarfin kati ɗaya, sai a huda alama a gurbi na 6 na katin da ke biye. Wato a lokacin alamar ci gaba tana farkon sabon layi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya mayar da ita ƙarshe. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara tsarin kwamfuta na Unix a 1969 a Bell Labs da ke Amurka, a gaban na'urori irin su Teletype Model 33, wadda ke buga harafi goma a daƙiƙa kan takarda. A nan babu tarin katin da na'ura za ta leƙa gaba ta gani. Mutum na danna maɓallin shiga sabon layi, nan take ake zartar da umarninsa. Dole kenan ya ce "dakata" tun kafin ya danna. Sandar kuwa tana nan a hannu, domin Bob Bemer na IBM ya sa an shigar da ita tsarin haruffan ASCII na 1963, kuma Unix ta ba ta aikin kashe ma'anar duk harafin da ya biyo ta. Shel ɗin Stephen Bourne na 1979 ya kafa wannan ƙa'ida daram, shel ɗin Bash na Brian Fox ya gaje ta a 1989.

Shi ya sa take da tsautsayi. Ka bar sarari ɗaya tak bayan sandar, wanda ido ba ya gani, sai ta kashe sararin ta ƙyale ƙarshen layin. Rabin umarni ya tafi, ɗaya rabin ya zama wani umarni dabam. Na ga wannan ya cinye wa mutum yini guda yana neman laifin a inda ba ya nan.

Allon yau ya fi gurbi 80 faɗi sosai, amma ni har gobe ina karya umarni, kowane zaɓi da layinsa, saboda wanda zai karanta shi bayana da tsakar dare lokacin da komai ya tsaya. Inda layi ya ƙare da | ko && ma ba na sa sandar, domin shel ya riga ya san akwai saura, zai nuna alamar > ya jira.