Zambo da Munafunci a Yaƙin Neman Shugabancin Ƙasa: Abin da Ƙasar Katagum ta Gani

Zambo, wato zagin da ake shiryawa cikin gwaninta domin a zubar da mutuncin abokin gaba, ya girmi zaɓe a ƙasar Hausa, domin maroƙan fada sun daɗe suna ɗaga ubangidansu ta hanyar kushe masu neman sarauta tare da shi, kuma idan suna tsoron ambaton suna sai su koma ga habaici, wanda shi ne suka a kaikaice. Garin Azare, inda aka mayar da fadar Sarkin Katagum a 1916, ya gaji wannan al'ada kamar sauran biranen sarauta. Amma zambon fada yana da iyaka, saboda mai yin sa sananne ne, ubangidansa ma sananne ne, kuma abin da ake takara a kai bai wuce rawani ba. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, sai aka ɗauki salon aka yar da iyakar.

Lardin Bauchi, wanda Katagum take cikinsa a zamanin Turawa, yana daga cikin wuraren da siyasar Arewa ta fara tsiro, domin a can ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Balewa suka yi muhawarorinsu na farko kafin hanyoyinsu su rabu. Bayan an kafa NEPU a Kano a 1950, kuma NPC ta zama jam'iyya a 1951, babban makamin da aka riƙa sarar 'yan NEPU da shi shi ne cewa marasa kunya ne masu raina sarakuna, sannan ƙawancen da suka ƙulla da NCNC ta Dokta Azikiwe ya zama hujjar cewa sun sayar da Arewa da addini ga mutanen Kudu. Wannan zargi bai tsaya a baki ba, domin kotunan alƙalai da 'yan dokan En'e suna hannun hukumar gargajiya, kuma talakawa da yawa sun sha ɗauri da bulala a kansa. Abin da ya biyo baya shi ne asalin munafuncin da ake magana a kai: da aka kammala zaɓen 1959, NPC da kanta ta kafa gwamnatin tarayya tare da wannan NCNC ɗin, kuma ba a ji wanda ya kira haɗin da sunan cin amanar addini ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na farko da talakawa suka jefa ƙuri'a kai tsaye shi ne na Agustan 1979, kuma a lokacin ƙasar Katagum tana tsakiyar al'amura, saboda ɗanta Abubakar Tatari Ali ne ya zama gwamnan farar hula na farko a Jihar Bauchi a ƙarƙashin NPN ta Alhaji Shehu Shagari. A wancan zaɓe an nemi hana Malam Aminu Kano da Azikiwe tsayawa takara bisa batun takardun haraji, har sai da aka je kotu, yayin da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya yi suna da kiran siyasa ba da gaba ba, kiran da yake nuna irin gabar da ake ciki. Bayan zaɓe kuwa NPN ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 kuwa Bashir Tofa ya sha kaye a hannun Abiola a Kano, jiharsa ta haihuwa, abin da ya tabbatar da cewa talakan Arewa yana iya auna ɗan takara ba da ma'aunin yanki ba idan aka ƙyale shi.

Inda maganar ta fi nauyi ga ƙasar Katagum shi ne zaɓen 16 ga Afrilun 2011. Rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010 ta jefa PDP cikin rikicin karɓa-karɓa, wato fahimtar da ke tsakanin manyanta cewa mulki zai riƙa zagayawa tsakanin Arewa da Kudu, kuma daga nan aka juya takarar Goodluck Jonathan da Janar Muhammadu Buhari na CPC ta koma tamkar gwajin imani. Saƙonnin waya marasa suna sun yi ta yawo, an shigar da zancen zaɓe cikin masallatai da majami'u, har ya zamana a kasuwa ko a majalisar mai shayi mutum ba ya iya cewa yana PDP ba tare da an yi masa kallon wanda ya bar sahu ba. Da sakamako ya fara fitowa sai tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa 12, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana 3. A Jihar Bauchi an kashe masu yi wa ƙasa hidima 10, matasan da aka ɗauko aikin zaɓe na wucin gadi, kuma 7 daga cikinsu a Giade ta ƙasar Katagum ne, inda suka gudu ofishin 'yan sanda neman mafaka, amma taron ya fi ƙarfin 'yan sandan, aka cinna wa ofishin wuta. Abin takaicin da ba ya gogewa shi ne Buhari ne ya lashe Jihar Bauchi da rata mai yawa, don haka waɗannan baƙi da aka kashe su ne suka ƙirga ƙuri'un da suka ba shi nasarar. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin ya ambaci kalaman tunzura jama'a da taƙaddamar karɓa-karɓa cikin musabbabansa.

Duk da haka zaɓen 2015 ya zo da mafi arahar suka. 'Yan takara sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja ranar 14 ga Janairu, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, amma cikin wannan watan gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na jaridu yana jera shugabannin Arewa da suka rasu a kan mulki domin ya nuna Buhari zai bi su, kuma a watan ne aka yi wa taron Jonathan jifa a garin Bauchi. Femi Fani-Kayode, wanda ya jagoranci yaɗa labaran kamfen ɗin Jonathan yana caccakar Buhari dare da rana, ya koma APC ta Buhari a 2021, aka karɓe shi a fadar shugaban ƙasa. A gida Bauchi ma Isa Yuguda ya ci gwamna a 2007 a ANPP ta Buhari, ya koma PDP a 2009, daga baya ya shiga APC. Sauya sheƙa haƙƙin ɗan siyasa ne, amma wanda ya gaya wa talaka cewa bin wata jam'iyya halaka ne, sannan ya shige ta ba tare da ya janye maganarsa ba, ya bar maƙwabta da dangi cikin gabar da shi kansa bai taɓa ɗaukar ta da gaske ba.

Ƙasar Katagum, wadda ta fitar da manyan ma'aikata irin su Sule Katagum da Aminu Saleh da Yayale Ahmed, ba ta rasa masu sanin yadda gwamnati take aiki ba, kuma tambayoyin da suka dace da ɗan takara game da makarantu da asibitoci da ambaliyar da ke cin gonakin Zaki da Gamawa sanannu ne, sai dai zambo ya fi su araha. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta zagi da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila a kamfen, ya kuma hana amfani da wuraren ibada, amma hukumar hukunta laifukan zaɓe da kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar kafawa tun 2008, har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba.