Launi da Sunayensa a Kano: Daga Karofi zuwa Masana'anta

Wanda duk ya ƙwanƙwance sunayen launi a Hausa zai tarar da cewa tushensu uku ne, wato fari da baƙi da ja. Sauran kuwa galibi aro ne daga abin da ido ya saba gani ko hannu ya saba sarrafawa. Alal misali, rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa, haka kuma akan ce ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Ke nan sana'a da muhalli su ne suka raɗa wa launi suna.

A Kano, karofi shi ne makarantar wannan ilmi. Marinan Ƙofar Mata da na Kura sukan jiƙa baba da toka a rami, su yi ta tsoma zane suna shanyawa, har ya tashi daga shuɗi mai haske ya koma baƙi wuluk. A 1851 Heinrich Barth ya iske rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu. Dukawa kuma da karan dafi suke jan fata. Malaman zayyana su ma ƙaro suke sa wa tawada don ta kama, kuma ƙaron nan shi ne ke riƙe fentin ruwa na Turawa a jikin takarda.

Canji ya faro ne daga Turai. A 1856 William Perkin ya haɗa rinin sinadari a Ingila, sannan a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fitar da shunin sinadari kasuwa. Da aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa, sai masaƙu da majemu na zamani suka dogara da rinin gwangwani, wanda lamba ce shaidarsa. Launi ya yawaita, amma sunansa na Hausa bai bi shi ba. Daga bisani masaƙu da dama suka rufe.

Saboda haka, malamin zane da zai koya wa yaro cewa shuɗi da rawaya ke haifar da kore, ja da rawaya kuma su ba da ruwan goro, ba ya bukatar aron kalma. Kalmomin suna nan a bakin marina da dukawa. Abin da ya rage shi ne a tattara su a rubuce tun masu su na raye.